Jitar Amiru a Gayyar Kahu

A layin tashar Rano babu wanda bai san Amiru ba, ba don wani abin kirki da ya taɓa yi ba, sai don bakinsa ba ya rufuwa. Shagon cajin waya gare shi, ɗan mitsitsi, wanda idan ya miƙe ƙafa sai ta leƙo waje, amma in ya fara ba ka labarin kansa sai ka ɗauka shi ke ba garin wuta. Ya taɓa yin 'yan watanni a Kano a wani ɗakin haɗa waƙa, yana shara yana sayo wa mutane ruwa. Ya dawo da baƙin tabarau, da wata tsohuwar jita da aka ba shi don a huta da ita, da sabon suna da ya raɗa wa kansa, wai Furofesa. Babu mai kiransa da sunan sai shi.

Abu ɗaya Allah ya yi masa na sa'a, shi ne Saudat, 'yar Malam Mika'ilu na Kahu, can ƙasar Kibiya. Yarinya ce mai hankali, kuma har yau mutane ba su gano abin da ta gani a jikinsa ba. Ita ta tsaya kai da fata a gaban mahaifinta ta ce surutu ne kawai da shi, amma mutum ne. Malam Mika'ilu tsohon manomi ne mai riƙo da al'ada. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, kafin manyan Amiru su zo maganar sa rana, yaro ya kira gayya a yi masa huɗar dawarsa, kamar yadda shi ma ya yi wa nasa surukin. Gidan yarinya su dafa abinci, saurayi ya kawo majiya ƙarfi da makaɗi. Ranar da aka tashi gonar, manya su zo.

Wannan ba wata jarrabawa ce mai wuya ba. Samarin Kahu da na Durba da jin gayya za su saɓo garma, Lado mai gangar noma kuma yana nan da ransa. Ko kurma aka ba wannan aiki zai yi shi. Sai dai a daidai wannan lokaci Amiru ya ci karo da wani darasi a waya.

Wani Bature ne mai gemu a bidiyo, yana koyar da abin da masu jita ke kira kod, wato a danne tsirkiyoyi da dama a kaɗa su tare su ba da amo ɗaya. Ya ce akwai tsanin muryoyi bakwai, do, re, mi, fa, so, la, ti, kuma kowacce ana gina mata kod a kai: ka ɗauki murya ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka ɗauki ta gaba. In ka tara uku, ka sami kod na yau da kullum. In ka ɗora ta huɗu, wadda ita ce ta bakwai daga inda ka faro, ka sami kod mai bakwai, wanda manyan makaɗa ke ji da shi. Ya kuma yi gargaɗi kada kowa ya taɓa masu bakwai sai hannunsa ya faɗa da masu uku. Amiru ya sa yatsa ya ja bidiyon ya wuce wurin gargaɗin. Shi da ko waƙar yara ɗaya bai iya kai wa ƙarshe ba, ya ce masu uku na 'yan koyo ne.

Daga ranar layin tasha ya shiga uku. Wadda ta fi kowa shan wahala ita ce Zulaiha mai awara, don kaskonta a bakin shagonsa yake.

"Yaya Zulai, kin san abin da kika ji yanzu?"

"Na ji kamar an rufe mage a bokiti."

"Do, mi, so, ti ke nan. Manjo sabin. Duk ƙasar Rano ni kaɗai ke da shi."

"Allah ya sa ya tsaya a kanka, kada ya yaɗu."

Amiru bai ji haushi ba, don shi a wurinsa duk wanda bai yaba masa ba hassada ce ke cinsa. Ya gyara tabarau ya kwance mata shirin da ya ƙulla. Kowane gwanin noma yana da takensa, wato ɗan kiɗan da makaɗi ke yi masa shi kaɗai. Da yawa gadonsa suka yi daga iyaye, kuma da zarar mutum ya ji nasa sai tsikar jikinsa ta tashi, ya faɗa wa ƙasa. To, shi Amiru yana da kod bakwai. Zai zaɓi zarata shida ya ba kowa kod ɗinsa ya zama sabon takensa, na bakwai kuma, na can ƙololuwar tsani, ya ajiye wa Malam Mika'ilu da kansa.

"Ganga fa?" in ji Zulaiha.

"Ganga ta yi ritaya."

"Kai ma ka kusa," ta ce, ta juya awararta.

Matsala ta farko daga hannunsa ta ɓullo. Kamun da Baturen ke nunawa yatsu huɗu yake ci, kowanne da tsirkiyarsa da gurbinsa a wuyan jita. Uku suna zuwa da ƙyar, amma ƙaramin yatsan Amiru ya ce bai san zance ba. In ya kai shi, manuni ya zame. In ya dawo da manuni, ƙaramin ya miƙe sama kamar mai neman izini a aji. Mai hankali zai yi haƙuri ya yi ta maimaitawa. Amiru ya yanke hukunci yatsan ne gajere, ya hau acaɓa sai Saji, wurin wani tsohon maɗori.

"Ina karayar?" in ji tsohon.

"Babu karaya, Baba. Tsawo nake so a ƙara masa."

Maɗorin ya dubi yatsan, ya dubi mai yatsan. Ya ce shi gyaran abin da ya lalace ya gada, ba gyaran halitta ba. Amiru ya taɓe baki ya ce ai a Kano yara ma suna yi, ashe dai sunan da ake ji na Saji suna ne kawai. Ran tsohon ya ɓaci. Ya ce kawo hannun, ya yi bisimilla, ya fizga. Ƙarar da Amiru ya yi sai da matan maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya rasu. Yatsa bai ƙara tsawo ba, amma ya ƙara kauri, ya yi suntum, ya daina lanƙwasuwa, in aka ɗora shi a tsirkiya ɗaya sai ya haɗa da ta kusa da ita.

Bai warke ba ya koma kan jita. Don ya huce a kan wani abu, ya yi ta murɗa maɗaurin tsirkiya har ta uku ta tsinke ta zane shi a kumatu. Ba a sayar da tsirkiyar jita a Rano, sai Khalid mai gyaran babur ya warware masa sili ɗaya daga tsohuwar wayar kuloci. Aka ɗaura, ta zauna, amma ko me aka kaɗa sai ta bi shi da zuuu. Amiru ya saurara ya gyaɗa kai, ya ce haka ake so, shi ne amon zamani.

Ranar kasuwa sai ga Lado mai ganga a bakin shagon, dogo, da giɓinsa, da girman kansa wanda shi ma ba baya ba ne.

"Ango, an ce gayya gare mu. Na zo in ji rana, in shanya fata ta ɗame."

"Baba Lado, gangar nan taka murya nawa gare ta?"

"Ganga ce, yaro, ba rediyo ba."

"To ka gani. Ni bugu ɗaya nake yi muryoyi huɗu su fito. Ba sai ka wahalar da kafaɗarka ba."

"Mai garma da ƙugu yake jin kiɗa, ba da kunne ba."

"Wannan tsohon yayi ne. Ranar ka zo ka zauna a inuwa ka ga ilimi. Zan sa a ba ka nama."

Lado ya tsaya yana kallonsa har sai da Zulaiha ta daina juya awara. Sannan ya yi dariya, giɓinsa a waje. "Zan zo kusa, in Allah ya yarda," ya ce. "Kusa sosai."

Labari ya riga Amiru isa Kahu. Da ya je zance da yamma, Saudat ta fito zaure ba fara'a, ta dubi yatsan da aka naɗe da tsumma, ta dubi shatin da ke kumatunsa.

"Me ya same ka?"

"Ilimi ne. Ba a samunsa a banza."

"An ce ka sallami Baba Lado."

"Na ɗauke masa nauyi dai."

Ta sassauta murya. "Ni na ce wa Baba kai mutum ne. Da bakina na faɗa, a gaban yayyena, suna yi mini dariya. Don Allah ka bar jitar nan a gida. A yi huɗar nan lafiya, bayan biki ka kaɗa mini har in ce na gaji."

"Ranar sai kin yi kuka don daɗi."

"Kukan dai ina jin zan yi," ta ce. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne, ya tafi yana fito.

Ranar gayya Allah ya yi nasa. An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi laushi, irin wadda garma ke shiga ba gardama. Tun da sassafe samari suka cika gonar, suka sha koko da ƙosai na gidan Malam Mika'ilu, suka tuɓe riguna suka jeru a bakin layukan dawa. A kan gaba akwai Isma'ila na Durba, barden gayya, ƙato mai faɗin ƙirji wanda ba ya yawan magana, kusa da shi kuma Mahdi, wanda shi bakinsa ya fi garmarsa kaifi. Malam Mika'ilu da dattawa suka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa.

Sai da rana ta fara zafi Amiru ya iso, cikin farar shadda, jita a baya, sifika mai caji a hannu, ɗan acaɓa na biye da shi da kujerar roba. Bai ɗauko garma ba, bai ma tuna ana buƙatarta ba. Ya gaida dattawa a tsaitsaye, ya jona jita da sifika, ya buɗe taro da lacca. Ya yi bayanin tsani, ya yi bayanin ɗauki ɗaya tsallake ɗaya, ya bambanta manjo da maina, ya ce kowane kod ana iya kama shi ta fuska da dama amma yau zai tausaya musu ya tsaya a ɗaya. Mutane suna tsaye garma a hannu, kokon da suka sha yana ta sauka.

"Furofesa," in ji Mahdi, wanda shi ne na farko a duniya da ya taɓa kiransa haka, kuma ba don girmamawa ba, "huɗa muka zo ko jarrabawa?"

Amiru ya raba take. Isma'ila ya sami do, wani ya sami re, aka bi layi har Mahdi ya sami la. Ya ce kowa ya sunkuya, da ya ji nasa ya sara. Suka sunkuya.

Ya ɗora manuni. Ya ɗora na tsakiya. Ya zaro harshe ya ɗora na uku, manuni ya zame. Ya koma farko. Ya ciro waya don ya ga hoton kamun, hasken rana ya hana shi gani, ya tura kai cikin rigarsa da wayar. Zaratan Kahu da Durba suna nan a duƙe, ƙugu ya fara ƙagewa. Can dai ya fito ya shafa tsirkiyoyin, wani amo mai sanyi ya fito daga sifika, lallausa, mai sa hamma, zuuu na biye da shi.

"Na san wannan," in ji Mahdi daga duƙen. "Shi kamfanin waya ke sa wa mutum idan sun ce ya jira."

Dariya ta karya layin. Isma'ila dai, don mutunci, ya sara sau ɗaya, ya ɗaga garma yana jiran bugu na biyu. Babu bugu na biyu, makaɗi ya tafi neman re. Da abin ya ishi mutane kowa ya fara sara yadda ya ga dama, wannan ya yi gaba, wancan ya tsaya. Layin da ya kamata ya tafi kafaɗa da kafaɗa ya wargaje, wani ya fille dawa uku a sara ɗaya, wani ya kusa raba na gabansa da diddige. Malam Mika'ilu yana kallon dawarsa tana faɗuwa.

Da aka iso la, Amiru ya shafa, sai Isma'ila da Mahdi suka zabura tare.

"Nawa ne," in ji Mahdi.

"Irin wanda aka yi mini ɗazu ne," in ji Isma'ila.

Nan Amiru ya ga ƙofar nuna ilimi ta buɗe, ya faɗa ciki da ƙafa biyu. "Madalla da kunnenka, Isma'ila. Naka do, mi, so, ti. Nasa la, do, mi, so. Muryoyi uku duk ɗaya ne, guda ce kawai ta raba ku."

Isma'ila ya miƙe a hankali. "Wato takena da na Mahdi a kwano ɗaya suke ci."

"Kashi uku cikin huɗu."

"Taken da kakana ya bar wa ubana, ba a taɓa haɗa shi da na kowa ba. Yau an cire shi, an haɗa ni da mutumin da bara aka ɗauke shi a amalanke daga tsakiyar gona."

"Zazzaɓi ne ya kama ni," in ji Mahdi, ya yar da garma ya yo kansa. Sai da dattawa biyu suka taso daga tabarma suka shiga tsakani.

Amiru ya ga taro zai kuɓuce masa, sai ya yanke shawarar fito da babban makami. Ya jawo sifika har gaban Malam Mika'ilu, ya durƙusa, ya sanar cewa yanzu za a ji taken mai gona, ti, re, fa, la, wanda babu wani suruki a ƙasar Hausa da aka taɓa yi wa. Wannan kamun ba ya yiwuwa sai da ƙaramin yatsa. Ya kwance tsumman, ya danna kumburin a kan tsirkiya, hawaye ya zubo ta ƙarƙashin tabarau, ya buga da iyakar ƙarfinsa.

Ko a hannun gwani, kod na bakwai amo ne mai tsami, wanda ke rataye yana jiran a kai shi gida. A hannun Amiru, da kumburarren yatsa da wayar kuloci, abin da ya fito sai da haƙoran mutane suka mutu. Wata jaririya a bayan uwarta ta fashe da kuka.

"Shi wannan," in ji Malam Mika'ilu a natse, "ya sunansa?"

"Baba, shi ne na can saman tsani. Bature yana ce masa rabin tauyayye."

"Tauyayye."

"Rabi kawai, Baba. Akwai cikakken tauyayye, amma ba ya cikin wannan tsanin."

"Ka gode wa Allah, Malam," in ji wani dattijo yana share ido da bakin rawani. "An yi maka rangwame."

Ba a gama dariyar ba aka ji ganga. Daga ƙetaren layin gamba da ya raba gonar da ta Hajiya Fanta take tasowa, inda 'yan ƙwadago huɗu ke fama da masara. Lado ne, ya cika alkawari, ya zo kusa sosai. Yana tsaye a bakin iyaka, ganga a kafaɗa, bai ko kalli kowa ba, ya saki taken Isma'ila, na ainihi, na kakansa.

Kafaɗun Isma'ila suka fara rawa. Ya yi ƙoƙarin ya tsaya, don shi ma ya san kokon wa ya sha, amma jiki ya riga ya amsa. Ya yi kururuwa ya tsallake gamba da garma a sama, ya faɗa wa gonar Hajiya Fanta, ƙasa na tashi a bayansa. Lado ya juya ya kira na biyu, ya kira na uku. Kowa ya ji nasa sai ya tafi. Har Mahdi, da aka kaɗa masa nasa ɗan guntun taken, ya manta da rigima ya bi sahu.

"Ku dawo, ban gama ba," in ji Amiru, yana bin su da jita, sifika na jan ƙasa a bayansa. Ya murɗa ƙara har ƙarshe. Sifikar ta yi tari, wata muryar mace ta faɗa da Turanci cewa caji ya ƙare, ta yi ɗif.

"Ba shi ne mai shagon caji ba?" wata mata ta tambaya da ƙarfi, ba ta kuma ji kunyar kowa ba.

Daidai nan matan gidan suka ɓullo da abincin rana, tukwanen tuwo da na miya da ƙwaryar fura, abincin da aka kwana ana aikinsa. Saudat ce a gaba da babbar tukunya a ka. Ta tsaya. Ta ga gonar mahaifinta, layi biyu a karkace da dawa a kwance, ta ga ta Hajiya Fanta har an kai rabi. Ta ga yayyenta a gefe, ba ma dariyar suke yi ba yanzu. A karo na farko a rayuwarsa tsoro na gaske ya kama Amiru.

"Malam, ina za mu sauke?" in ji Hadiza, mahaifiyarta.

"Ku kai inda ake gumi."

Saudat ta wuce ta gaban Amiru, kusa har inuwar tukunyar ta taɓa shi, ba ta juyo ba. Ta ɗaga ƙafa ta ƙetare gamba, sauran matan suka bi ta.

Malam Mika'ilu ya miƙe, ya tuɓe rigarsa ya ninke a kan tabarma, ya ɗauki tsohuwar garmarsa ya nufi bakin layi. Amiru ya bi shi yana tuntuɓe.

"Baba, yatsan ne. Da ya saɓe, wallahi sati mai zuwa..."

Tsohon ya tofa yawu a tafin hannu, ya gyara riƙon ƙota. Ya yi magana a hankali, cikin ladabi, yadda ake sallamar baƙon da ya ɓata hanya.

"Ka koma da wuri, kada rana ta yi maka. In ka isa Rano ka gaishe mini da manya da kyau. Ka ce na gode, ba sai sun zo ba."